Abin da Muke Jingina wa Tsufa

Akwai wata kalma da ta zama ruwan dare a bakinmu a ƙasar Katagum, muna faɗinta da kyakkyawar niyya, muna nufin ladabi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, alhali kuwa sau da dama ita ce ke rufe ƙofar magani a fuskar mutumin da maganinsa bai fi tafiyar yini guda daga gidansa ba. Kalmar kuwa ita ce, "Ai tsufa ne." In dattijo ya fara miƙa wa jikansa allura ya zura masa zare, sai a ce tsufa ne, in tsohuwa ta daina amsa sallama sai an ɗaga murya an maimaita, sai a ce tsufa ne, in miya ta kama a kan murhu, maƙwabta suka jiyo ƙauri ta kan katanga, ita kuwa mai girkin tana zaune daf da tukunya ba ta ji ba, nan ma tsufa ne. Da an faɗi haka magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa, ba mai sake tambaya ko akwai abin yi.

Ba musun tsufa nake yi ba, kuma babu mai hankalin da zai yi, gama Alƙur'ani mai girma ya riga ya sanar da mu a cikin Suratur Rum cewa ƙarfin ɗan Adam a tsakanin rauni biyu yake, na ƙuruciya da na furfura. Abin da nake roƙo shi ne mu yi irin tantancewar da malaman fiƙihu ke yi kafin su yanke hukunci a kan mas'ala, watau mu duba abubuwan da ke samun ido da kunne da hanci mu rarrabe su, mu san wanda yake tsufa ne tsantsa, da wanda yake cuta ce mai warkewa, da kuma wanda ba ya warkewa amma ana iya tsayar da shi in an farga da wuri. Domin haɗa su duka a ƙarƙashin suna ɗaya shi ne ya sa mutane masu yawa ke zaune cikin duhu ko cikin shiru ba bisa wajibi ba.

Zan fara da abin da na gani da idona. Ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa, ɗinkin hula ne sana'arsa a Azare, kuma hannunsa yana da kyau har ana bin sa gida da aiki. Da ya haura shekara arba'in da 'yan kai sai muka lura yana nesanta hula daga fuskarsa, yana miƙe hannu iyakar tsawonsa, yana jan tabarmarsa daga cikin zaure zuwa bakin ƙofa, yana bin haske kamar yadda ake bin inuwa da bazara. Wata rana bayan la'asar ya soke allurar a jikin hular, ya naɗe, ya ce da ni, "Ɗan nan, idon ya ƙare, sai haƙuri." Daga nan ya bar ɗinki, ya shekara bakwai ko takwas yana cin abin da 'ya'yansa suka kawo, har ran da wani ɗansa ya kai shi aka auna idon, aka ɗora masa tabarau na karatu wanda kuɗinsa bai kai na hula ɗaya daga cikin waɗanda yake ɗinkawa ba. Ya dubi tafin hannunsa ya daɗe, sa'an nan ya ce a ɗauko masa Muzhafi.

Abin da ya sami Baffa yana samun kusan kowa, kuma shi ne tsufa na haƙiƙa. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, mai laushi, wanda ke kumbura in mutum zai dubi abu na kusa, ya kuma baje in zai hangi na nesa. Tun daga ƙuruciya wannan madubi yake taurara sannu a hankali, har in an kai wajen shekara 40 ya kasa kumburin da karatu ko zura allura ke bukata. Ba a hana wannan aukuwa, amma gyaransa shi ne mafi sauƙi a dukan ilmin ido. A shekarar 2018 an bayyana sakamakon wata jarrabawa da aka yi a Assam ta ƙasar Indiya, inda aka ba masu tsinkar ganyen shayi tabarau na kusa, aka tarar abin da suke tsinka a yini ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Sai mai karatu ya kwatanta da telolinmu, da dukawa, da masu gyaran agogo da waya, da alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da matan da ke tsintar tsakuwa a shinkafa, ya lissafa arzikin da ke zubewa a ƙasar Katagum saboda rashin wannan ɗan gilashi, da kuma saboda kunyar da wasu ke ji kada a ce sun tsufa ko suna ƙaryar boko.

Wannan madubin dai shi ne ke yin hazo in shekaru sun ƙara nisa, abin da muke kira yanar ido. Mai ita yakan fara da ganin duniya kamar a tsakiyar hunturu, fitilar mota ta riƙa tarwatse masa da dare, fuskoki su dusashe, har a ƙarshe ya zama ba ya rarrabe kome sai dare da rana, ga kuma fari ya bayyana a tsakiyar baƙin idonsa. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a Nijeriya, aka auna idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a duk sassan ƙasa, aka tarar mutum 4 cikin kowane ɗari makafi ne, amma a shiyyarmu ta Arewa maso Gabas adadin ya kai 6 cikin ɗari, wanda ya ninka na Kudu maso Yamma, kuma babu shiyyar da ta kai mu. Yanar ido ita kaɗai ta ɗauki kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne cewa kashi 84 cikin ɗari na makantar da aka gani irin wadda ake iya hanawa ce ko warkarwa. Ma'anar wannan ita ce, in ka ga makafi goma sun jeru a ƙofar masallacin Juma'a, to galibi takwas daga cikinsu da an yi abin da ya kamata a kan kari da suna gani.

Matsalar daɗaɗɗiya ce a ƙasashen nan. Kyaftin Kilafaton, Baturen Birtaniya da ya sauka a Katagum a watan Janairu na 1824, wanda abokin tafiyarsa Likita Oudney ya rasu a Murmur, da ya isa Kano ya rubuta cewa makanta ta yawaita har makafi suna da unguwa tasu a cikin ganuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da jihadi, bai ga ciwon ido ya yi ƙanƙanta da alƙalaminsa ba, ya wallafa risala a kan maganinsa. Sarautar Sarkin Makafi da muke da ita a garuruwanmu shaida ce cewa magabata sun ba makaho matsayi da tsari, sun kiyaye darasin Suratu Abasa da girman Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kuma ƙasar da ta fitar da Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, ba ta bukatar a koya mata cewa makanta ba ta taɓa basira. Sai dai girmama makaho abu ne daban, barin mai gani ya makance kuma abu ne daban, kuma na farkon ba ya zama hujjar na biyun.

A nan ne ya wajaba in daɗe a kan masu ture yana, waɗanda ke yawo ƙauye-ƙauye, musamman ranakun kasuwa. Aikinsu shi ne su soka wani tsinke mai kaifi ta gefen ido, su tunkuɗe madubin da ya yi hazo ya faɗa can cikin ido, ta yadda haske zai sami hanyar shiga. Nan take tsohon da ya shekara uku bai ga kome ba sai ya ƙirga yatsu, jama'a su yi kabbara, a biya mai aiki da kuɗi ko akuya ko hatsi, kafin kwana uku ya bar garin. Abin da ke biyo baya ba ya nan balle ya gani: ido ya yi jawur, ciwo ya hana barci, wani ya yi ruwa, wani ya shanye. Binciken da na ambata ya nuna cewa cikin idanun da aka yi wa aikin yana a Nijeriya fiye da huɗu cikin goma ture su aka yi, kuma kimanin bakwai cikin goma na waɗanda aka ture ɗin sun zauna a makance. Ko wanda Allah ya tsare daga kumburi, tun da an kawar da madubinsa ba a maye gurbinsa ba, ba zai gani sosai ba sai da tabarau mai kauri ƙwarai, wanda mai turewa ba ya bayarwa.

Ban ga amfanin zagin mutanen ƙauye a kan wannan ba, gama suna da dalilinsu. Mai turewa yana zuwa har ƙofar gida, yana magana da harshen da suka sani, yana karɓar abin da suke da shi, kuma ana ganin sakamako a wurin. Asibiti kuwa tana bukatar kuɗin mota daga Gamawa ko Sakwa ko Itas, da ɗan rakiya da zai bar gonarsa, da yankar kati, da jira, da a ce a dawo wani mako. Tsohuwa ta fi tsoho shan wannan wahala, domin ita sai an yi shawara, sai an sami mai kai ta, kuma sau da yawa ita da kanta za ta ce kada a ɓata kuɗin yara a kanta. Amma ya kamata a san cewa ture yana hanya ce da ilmi ya wuce tun da daɗewa, kuma malaman Musulmi suna cikin waɗanda suka fara wuce ta: kimanin shekara dubu da suka shige Ammar ɗan Aliyu al-Mausili, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙago allura mai rami don zuƙe yanar a fitar da ita waje. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya fara fitar da madubin ta hanyar tsaga, a 1949 kuma Harold Ridley ya dasa madubin roba na farko a wata asibitin Landan. Aikin da ake yi yau ke nan: a kashe zafin ido da allura, mutum yana farke, a cire mai hazo a sa garai, cikin abin da galibi bai kai rabin sa'a ba, washegari a buɗe. Kuma zancen nan na cewa sai yana ta nuna tukuna, zance ne na zamanin da. Da zarar ta hana mutum harkarsa lokacin aiki ya yi.

Da dukan makanta irin ta yana ce, da sauƙi. Amma akwai wadda ta fi ta sharri nesa, ita ce gilakoma, wadda jama'a ke kira hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba, ruwan da ke cikin ido ne ke kasa samun mafita, ya matse jijiyar gani har ta mutu kaɗan-kaɗan. Ba ta da zafi a galibi, ba ta sa ido ja, ba ta sa fari, kuma daga gefe take fara ci, tsakiya ta rage garau. Saboda haka mutum yana karatu lafiya alhali gefen ganinsa ya tafi, sai dai ya riƙa tuntuɓe da buta, ko babur ya ɓullo masa bai san ta inda ya fito ba. Binciken makantar da na ambata ya tarar mutum 5 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kimanin ɗaya kacal cikin ashirin daga cikinsu ya san yana da ita, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Tana bin dangi, tana kama baƙar fata da wuri fiye da sauran jinsi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa har abada. Babban abin baƙin ciki shi ne yadda ake rikita ta da yana: mutum ya zauna yana jiran ganinsa ya gama tafiya don a yi masa aiki kamar yadda aka yi wa maƙwabcinsa, ran da ya je a ce masa jijiya ta mutu, ko kuwa a yi masa aikin gilakoma, wanda manufarsa tsare abin da ya rage ne, ya ga bai ƙara gani ba, ya koma gari yana cewa likita ya kashe masa ido, mutum goma su fasa zuwa. Ayyukan ido na kyauta da masu hali da ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi alheri ne babba, Allah ya saka musu, amma bisa ɗabi'arsu sun fi dacewa da yana da tabarau, abin da ake gamawa a kwana biyu. Gilakoma kuwa tana son ɗiga magani kullum da komawa awo muddin rai. Don haka duk wanda ya kai arba'in, balle wanda aka taɓa yin makanta a gidansu, wajibinsa ne a auna masa ƙarfin ruwan ido a duba jijiyarsa, ko da yana ganin jinjirin wata kafin kowa.

Sauran cututtukan zan ratsa su da sauri. Akwai amosanin ido, wanda ƙazanta da ƙudaje da ƙarancin ruwa ke yaɗawa tsakanin yara, ya yi ta maimaituwa har fatar ido ta tattare, gashin ido ya juya ciki yana kartar ido. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san tsohuwar da ke ɗaure da matsefata a bakin zane don tsige gashin ido, alhali ƙaramin aiki ne ke mayar da fatar daidai, wanke fuskar yara kuwa shi ke yanke asalin abin. Akwai hakiyar da ƙyanda ke bari, wadda rigakafi da sinadarin bitamin A suka rage ƙwarai. Akwai ciwon sukari, wanda ke ɓata ƙananan jijiyoyin bayan ido a ɓoye. Sa'an nan akwai wadda muke jawo wa kanmu, lokacin da afolo ya zagayo aka ɗiga wa ido ruwan sukari ko nono ko fitsari, ko aka sayi maganin ɗigawa a kemis ba da umarnin likita ba, aka yi wata da watanni ana sawa don yana kwantar da ƙaiƙayi, alhali wasu irinsa suna haddasa gilakoma da yana. Karin maganar nan da ke cewa ciwon ido sai haƙuri tana da gaskiya ta fuska ɗaya, watau kada a yi gaggawar zuba wa ido duk abin da aka samu. Amma an mayar da ita izinin zama. A dā wanda ke son likitan ido sai ya nufi Kano, inda asibitin ido ta mishan take tun 1943, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Yau ga babbar asibitin Tarayya a cikin Azare, ga kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a garin a 2021, uzurin nisa ya ragu ga na cikin gari, saura a kai awon ga na ƙauye.

Kunne kuwa, wanda Hausawa suka ce ya girmi kaka, shi ne marayan wannan babi. Makaho ana tausaya masa, a kama masa sanda. Wanda jinsa ya yi rauni kuwa dariya ake yi masa, ko a ce yana ji sarai, abin da ya ga dama yake amsawa. Wannan zargi yana da sababi da ya kamata a fahimta. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙananan gasu kimanin 16,000 waɗanda ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu kama siririn sauti, irin na haruffan sa da sha da tsa da fa. Kaurin murya da hawa da saukarta kuwa suna nan. Saboda haka dattijo yana jin ana magana, yana ma gane muryar wane ne, amma kalmomin sun zama kamar rubutun ajami da aka goge wa ɗigo. In shi da mutum ɗaya ne a ɗaki shiru sai ya gane, in an taru wurin ɗaurin aure ko zaman makoki sai kome ya cakuɗe masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana harka, kuma a rahotonta na 2021 ta ƙiyasta mutum miliyan 430 a duniya suna bukatar taimako a kansa.

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi, wanda ban ji ana faɗa ba. Tarbiyyarmu ta koya mana mu durƙusa a gaban babba, mu sunkuyar da kai, mu sassauta murya, kada mu haɗa ido da shi. Matar ɗa kuwa takan yi magana da surukinta daga bayan ƙofa ko ta kawar da fuska. Wannan ladabi ne mai kyau, amma ga dattijon da jinsa ya ragu, wanda ya dogara ga kallon leɓe ko da bai san yana yi ba, mun ɗauke masa abin da ya rage masa. Na ga Goggona tana murmushi tana cewa "To, madalla" ga maganar da ba ta ji ba, don kada ta wahalar da mu, har ta kai ta daina fitowa tsakar gida da dare, muka ce ta fara rikicewa. Masu bincike sun tabbatar cewa raunin ji da aka bari ba kulawa yana cikin abubuwan da ke ƙara hatsarin rikicewar tsufa, domin ƙwaƙwalwar da aka yanke wa hira tana rauni. Ladabin da ya dace da irin wannan babba shi ne a zo gabansa inda haske ke bugun fuska, a kira sunan girmamawarsa ya juyo tukuna, a yi magana dalla-dalla ba da tsawa ba, gama tsawa tana ƙara kaurin sauti ne ba ta fito da haruffa, in bai gane ba a sauya kalma maimakon maimaita ta. Na'urar ƙara ji tana taimako ƙwarai in an auna kunne aka daidaita ta da shi, ko da yake tsadarta da batirinta da ƙarancin masu awo sun sa ta yi wa talaka nisa, har yanzu da yawa sai sun dangana da Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Amma kurumtar ƙasarmu ba duka ta tsufa ba ce. Wata dauɗar kunne ce kawai ta toshe, wadda tsinken ashana da gashin kaza ke ƙara turawa ciki, a wanke a asibiti mutum ya ji ras. Wata daga ƙuruciya ta faro, daga kunnen yaro mai zubar da mugunya wanda aka ce zai bari in ya girma, har dodon kunne ya ɓule. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ta bar kurame da yawa cikin waɗanda suka tashi; ƙyanda da hangum ma suna yi. Zazzaɓin Lassa, wanda jihar Bauchi ke cikin jihohin da ya fi addaba, yana taɓa jin kimanin ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Wasu allurai, irin su jentamaisin, suna kashe gasun nan in an yi su barkatai, kuma mun san yadda ake yin allura a ɗakunan da ba likita. Sa'an nan ga ƙara: yaron da ke tsaye a kan injin niƙa daga safe zuwa magariba, da mai walda, da mai kwana kusa da janareto, da wanda aka ajiye gaban lasifika a wurin biki ko wa'azi. Ƙa'idar da masana suka bayar mai sauƙi ce, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai kamu ɗaya ya ji ka, to wannan ƙara tana cin kunne. Kukan da kunne ke yi bayan an tashi daga wurin kuwa gargaɗi ne. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan kada ya kwana biyu bai ga likita ba, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki.

Hanci shi ne wanda ba a ko lissafa shi, har sai da annobar korona ta zo a 2020, shekarar da gwamnatin jiha ta rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki a watan Mayu, mutane suka wayi gari suna shinshina turare ba su jin kome. Alhali shari'a ba ta raina wannan gaɓa ba: ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san ana gane ruwan tsarki ne da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, kuma a ƙissar Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bayan idanunsa sun yi fari don baƙin ciki, ta hanci bushara ta fara iso masa. Jin ƙanshi yana raguwa da shekaru, musamman bayan sittin, kuma mura mai nacewa, da toshewar hanci ta ƙurar hunturu, da tsiron nama a cikin hanci, da buguwar kai a hatsarin babur, da shaƙar taba, duk suna rage shi. Wani lokaci kuma gushewarsa kan riga ciwon karkarwa ko rikicewar tsufa da shekaru, shi ya sa ya cancanci a faɗa wa likita.

An ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma haka ne, gishiri da zaƙi da ɗaci da tsami aikin harshe ne. Amma daɗin daddawa da man shanu da ƙanshin tuwon da aka sauke yanzu, wannan rabon hanci ne. In ya tafi sai abinci ya zama lami, tsoho ya ture kwano ya rame, ko ya yi ta ƙara gishiri da dunƙule alhali yana fama da hawan jini, a gidan kuma a ce ya cika mita. Sa'ar da aka yi ita ce jijiyoyin ƙanshi, saɓanin gasun kunne da jijiyar gani, suna sake tsirowa, shi ya sa mafi yawan waɗanda korona ta ɗauke wa ƙanshi suka samu ya dawo. Likitoci a Jamus sun nuna tun 2009 cewa shinshina abubuwa huɗu masu ƙarfi safe da yamma, na tsawon wata uku ko fiye, yana taimaka wa wasu, kuma kanumfari da ɓawon lemun tsami suna cikin abin da suka yi amfani da irinsa, ga su kuwa a kowace kasuwa tamu. Kafin ya dawo, ko in bai dawo ba, sai mutanen gida su zama hancin tsohonsu: a shinshina masa furar da ta kwana da miyar jiya kafin a miƙa, kada a bar shi shi kaɗai da garwashi a ɗaki rufe lokacin sanyi, kuma a gidajen da aka koma girki da gas, wani mai lafiyar hanci ya riƙa duba tukunyar kowane dare kafin a kwanta.